Kafin a ce "famfo ne": gano matsalar mai a motar injekta

Duk mai tuƙi a birnin Sakkwato ya san wannan lalurar, in ba ta same shi ba to ya ga wanda ta sama. Watan Afrilu ne, bayan azahar, zafi ya haura digiri 40. Mota na tafiya lafiya lau a titin Ahmadu Bello ko a hanyar Gusau, sai ta fara fizga, a taka totur ta ƙi amsawa, can ta mutu murus. A tura ta inuwar dogon yaro, a ba ta rabin sa'a, a murza makulli ta tashi kamar ba ita ba. In an kai ta gareji, tun kafin a ɗaga bonet an yanke hukunci: "Alhaji, famfo ne." A sayo famfo a ɗaura. Wani ya dace, wani kuma kafin mako ya zagayo motar ta sake ajiye shi a hanya, a ce masa yanzu nozul ne, gobe a ce burenbos.

Famfon mai yana mutuwa, a garin nan ma fiye da kima. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake canja kaya a kan zato, alhali gwajin da zai raba gardama ba ya cin rabin sa'a.

Manyan makanikanmu da yawa sun buɗe ido ne a kan Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, da ire-irenta masu kafireta. A waɗannan, aikin famfo kawai ya cika ɗan kofin da ke cikin kafireta, injin ya zuƙi abin da yake so da kansa. Muddin mai ya iso, magana ta ƙare. Su Corolla da Camry da Accord da Fijo 406 da suka cika titunanmu yanzu, tsarinsu daban ne. Famfon lantarki ne a nutse cikin tanki, yana tura mai ta matata zuwa wani bututu a kan injin, inda nozul-nozul ke jere, kowace silinda da nata. Na'urar da ke sarrafa injin, wato burenbos, ita ke buɗe kowane nozul na 'yan kaso cikin dubu na daƙiƙa ta sake rufewa, tana neman haɗa iska kashi 14.7 da fetur kashi 1 bisa nauyi. A yawancin motocin nan ba ta auna man da ya wuce. Lokaci take ƙirgawa, bisa yardar cewa man na zuwa da ƙarfin da aka tsara. Ƙarfin nan, furesha, yakan kasance tsakanin 40 da 60 a irin awon da mai faci ke yi wa taya, wato ya ɗara iskar da ke cikin tayar motar kanta. In ya sauka zuwa 25, nozul zai buɗe daidai lokacin da ya saba, amma man da zai fita bai isa ba. Sensar da ke kan salansa takan sanar da na'ura ta ƙara lokaci, sai dai gyaran nata yana da iyaka.

Shi ya sa gwajin da aka fi yi a garejinmu ba ya wadatarwa. Yaro ya cire tiyo, a murza makulli, mai ya yi tsartuwa, maigida ya ce, "Mai na zuwa." Ai famfon da ya gaji ma zai yi tsartuwa in ba abin da ya tare masa gaba. Ga kuma haɗarin fesa fetur kusa da injin mai zafi da wayoyin filogi.

Mai gyaran da ya san aikinsa daga nesa yake farowa. Tukuna ma, man ne? Injin da ba wuta a filogi da wanda ba mai a nozul iri ɗaya suke ƙin tashi. Akwai sensar da ke karanta juyawar kiranshaf. In ta mutu, na'ura ba ta san injin na juyawa ba, sai ta hana wuta, ta kuma hana famfo aiki. Wannan sensar ta yi suna wajen yankewa in ta ɗauki zafi, ta dawo in ta huce, wato alamarta da ta famfon da ya gaji kusan ɗaya ce. Kafin a ɗora wa famfo laifin mutuwar azahar, ita ma a tuhume ta.

Sai a kasa kunne. A motoci da yawa, da an murza makulli fitilun dashbod sun kawo, famfo zai yi ɗan gurnani na kamar daƙiƙa biyu daga wajen kujerar baya. Amma a kula, Toyota da dama ba sa tada famfo sai kik ya fara juya injin, don haka shirun Corolla ba shaidar mutuwa ba ne. In ba a ji komai ba, kafin a taɓa tanki a duba fiyus, a musanya rile da wani irinsa, a sa rewaya ya auna wutar da ke isa soket ɗin famfo yayin da yake aiki. Batir na ba da volt 12 da ɗoriya. In 9 ke isa saboda soket ya ƙone ko wayar da ke komawa jikin mota ta yi tsatsa, sabon famfo ma haka zai yi rauni. Wasu Fijo da Ford kuma suna da maɓallin da ke yanke famfo in mota ta bugi wani abu da ƙarfi. Faɗawa rami kan iya tada shi, kuma danna shi kawai ake yi.

Daga nan sai geji, wato ma'aunin furesha. Ana ɗaura shi a layin mai, a duba allurarsa injin na sulo, a duba an taka totur, a sake dubawa bayan an kashe. In ta zauna daidai a sulo amma ta faɗi da an taka, ko famfo ya gaji ko matata ta toshe, kuma tunda matata ce mai araha da ita ake farawa. Irin wannan motar ce ke yawo lafiya cikin gari amma ta kasa wuce tirela a hanyar Illela. In allura ta zube da sauri bayan an kashe injin, mai na sulalewa ta wani wuri: ko bawul ɗin famfo ya daina riƙewa, ko wani nozul na ɗiga cikin silinda. Ita ce motar da sai an daɗe ana kik, kuma in nozul ne har da baƙin hayaƙi da warin fetur a cikin baƙin mai. In furesha ta wuce kima, a duba regileta mai daidaita ta, da tiyon da ke mayar da rarar mai tanki. A zare siririn tiyon iska da ke kan regileta; in aka ga fetur a ciki, fatarta ta huje. Kowace mota kuma da adadinta. Golf 3 mai nozul guda ɗaya, da 'yan haya ke ji da ita, furesharta wajen 15 take, don haka famfon Camry ba nata ba ne ko da ya shiga tankin.

Kwamfutar sikanin ta yawaita a gari, kuma ci gaba ne. Motocin kasuwar Amurka tun 1996, da na Turai masu fetur tun 2001, duk suna da soket ɗinta. Sai dai lambar matsalar da take nunawa ba hukunci ba ce. P0171, wadda ake yawan gani, ma'anarta iska ta rinjayi mai, ba ta ambaci famfo ba. Ƙurar hunturu da ta kwanta a kan sensar awon iska tana kawo ta, haka tiyon iska da zafi ya busar ya tsage.

To, me ke kashe famfuna da wuri a nan? Fetur ɗin da famfo ke turawa shi ke sanyaya shi, shi ne kuma maiƙonsa. Bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta haura 1,000 a 2024. Ma'aikaci da ɗan haya suka koma zuba lita uku, lita biyar, fitilar mai ba ta mutuwa. Ban ga laifin kowa ba, halin aljihu ne. Amma ɗan man da ya rage a gindin tanki a kan kwalta mai zafi saurin ɗumama yake, a motocin da rarar mai ke zagayowa daga injin zafin ya ƙaru, a kwana ko gangara kuma famfo ya zuƙi iska. A duba lissafin: motar da ke shan lita biyar a rana, biyar ɗin za ta sha ko tanki na kwata ko yana ƙasa. Wahalar ta sau ɗaya ce, a daure a kai shi kwata, daga nan a ci gaba da zuba abin da aka saba.

Akwai kuma maganar man kansa. Duk sanda layi ya yi tsawo a gidajen mai, 'yan bumburutu ke fitar da mutane kunya, kuma bayan da hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen da ke cikin kilomita 20 daga iyaka a 2019, garuruwa irin su Illela suka ƙara dogara ga jarka. Masu gaskiya suna da yawa a cikinsu, amma jarkar da ta wuni a ƙura da mazurarin da ake ajiyewa a ƙasa suna kai yashi tanki, ƙofofin nozul kuwa sun fi kafar allura ƙanƙanta. Gidan mai ma ba a shaidarsa ɗari bisa ɗari. A Fabrairun 2022 kamfanin NNPC da kansa ya amsa cewa an shigo da fetur daga Antwerp ta Beljiyam mai yawan sinadarin metanol, motoci suka lalace musamman a Legas da Abuja, janye shi kuma ya jefa ƙasar cikin ƙarancin mai na makonni. Don haka in mota ta fara fizga jim kaɗan bayan an sha mai, a tsiyayi kaɗan a kwalba mai tsabta a ajiye. Ruwa ya fi fetur nauyi, zai kwanta a ƙasa, datti ma haka. Wanda ya canja famfo bai wanke tanki ba, bai sake ragar da ke bakin famfon ba, ya tanadi kuɗin wani.

Abin da nake roƙo a daina ɗungurungum shi ne haɗa famfo kai-tsaye da makulli, a ce an yi masa dairek. An tsara na'ura ta kashe famfo da zarar injin ya tsaya. In aka tsallake ta, ranar da aka yi hatsari tiyo ya fashe, famfo zai ci gaba da kwarara fetur kusa da ƙarfe mai zafi alhali mutane na cikin mota.

Geji ba kayan aiki mai tsada ba ne, gareji uku ma za su iya haɗa kuɗi su sayi guda. Ina kira ga ƙungiyar makanikai ta NATA da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi su haɗa kai su shirya gajerun bitoci ga yaran gareji a kan karanta shi. Kai kuma mai mota, in aka ce maka famfo ne, yi tambaya cikin mutunci: "Malam, nawa geji ya nuna, nawa kuma ya kamata ya nuna?" In ba a ba ka adadi ba, riƙe kuɗinka har sai an auna.