'Yan Jagora a Sabon Ibadan: Aikin da Ba Ya Shiga Lissafi

Duk wanda ya san unguwar Sabo a Ibadan ya san shanu da goro ne suka kafa ta tun 1916. Amma akwai wani aiki da ake yi a cikinta tun daga asuba, wanda ba a biyan kowa lada a kansa: na yaron da ke riƙe wa makaho sanda, da matar da ke tura keken mijinta gurgu, ta yi masa wanka, ta dafa abinci.

Unguwar ba ta taɓa barin naƙasassunta kara zube ba. Masanin nan Abner Cohen, a littafin da ya wallafa kan Sabo a 1969, ya nuna cewa makafi da guragu da kutare kowanne rukuni yana da sarkinsa a ƙarƙashin Sarkin Sabo. Su ne ke karɓar baƙo, su tsara wurin zama, su sasanta rigima. Sadakar fatake da masu gidaje, musamman ta ranar Juma'a, ita ce jarin wannan tsari, kuma daga cikinta ɗan jagora ke ci. Sai dai abin da yake biya ya fi abin da yake samu, domin yaron da ya yini a bakin titi ya rasa makaranta, ya kuma rasa koyon sana'a.

Idan ba a manta ba, a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma haramta amfani da su wajen bara, tare da tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata 6. Ga ɗan jagora, wannan sashe barazana ce, alhali dokar ba ta yanka masa ko kwabo ba.

A 2021 gwamnatin Jihar Oyo ta Gwamna Seyi Makinde ta kwashe mabarata daga titin Jemibewon zuwa wani matsuguni a Akinyele, can bayan gari. An samu rufin kwana, amma an yi nisa da masallatai da kasuwannin da sadaka ke fitowa. Ba a jima ba da yawansu suka komo Sabo, 'yan jagoransu na gaba riƙe da sanda.