Fitowar haƙoran yara: yadda za a lallashi yaro, da lokacin da ba haƙori ba ne



Yaro ya kama kuka da dare, miyau na dalala, duk abin da ya samu sai baki. Nan take za ka ji kaka ta ce, "Haƙori ne, a ƙyale shi." Sau da yawa gaskiyarta. Haƙorin farko yakan ɓullo wajen wata 6, yawanci na gaba a ƙasa. Turame kuwa sai bayan shekara ɗaya, su ne ma suka fi wahalar da yaro, kuma kafin ya cika shekara 3 ya haɗa haƙora 20. Abin da haƙori ke kawowa bai wuce ƙaiƙayin dasashi, rigima, ƙin abinci na kwana biyu-uku da ɗan ɗumin jiki ba.

Maganin wannan yana cikin ɗaki, ba sai an kashe ko sisi ba. Uwargida ki wanke hannu da sabulu, ki murza masa dasashi da yatsa a hankali na minti ɗaya ko biyu. Ki samu ƙyalle mai tsabta, ki jiƙa da ruwan da aka tafasa ya huce ya yi sanyi, ki ba shi ya tauna kina kallonsa. Bayan cokali mai sanyi ma yana yi. Ki yawaita ba shi nono, ki dinga goge miyau kada haɓa ta yi ƙuraje. In rigimar ta hana barci, a ba shi farasitamol na yara gwargwadon yadda ma'aikacin lafiya ya auna, ba da ka ba.

Zuma waraka ce, babu mai jayayya, amma yaron da bai cika shekara ɗaya ba kada a shafa masa ita a dasashi. Akan samu wata ƙwayar cuta a cikinta wadda hanjin jariri bai iya yaƙarta ba, tana saki jikin yaro har numfashi ya gagara. Haka zare ko duwatsun da ake rataya masa a wuya, suna iya shaƙe shi cikin barci. Kada kuma a bari wanzami ya tsaga dasashi. Haƙorin zai fito da kansa.

Sai maganar "maganin haƙori" na kwalba. A watan Nuwamba 2008 aka fara kawo yara Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, da wasu asibitoci a Legas, fitsari ya ɗauke musu, ƙoda ta tsaya. Da aka bincika sai aka gano an ba su wani maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda wani sinadari mai guba na masana'antu ya shiga cikinsa. Yara 84 suka rasu, hukumar NAFDAC ta rufe kamfanin. Iyayen nan ba sakaci suka yi ba, kuɗinsu suka sa don yaro ya samu sauƙin abin da zai wuce da kansa. Kafso ɗin nan ja da rawaya da ake ɓarewa a zuba wa yaro a kunu shi ma a bar shi, yana ɓata launin haƙoran da ke tafe.

Amma abin da ya fi damuna shi ne kalmar nan "zawon haƙori". Haƙori ba ya kawo gudawa kamar ruwa, ba ya kawo zazzaɓi mai zafi. Lokaci ne kawai ya haɗu: a watannin nan kariyar da yaro ya samo daga uwa take raguwa, ya fara rarrafe, yana kwasar ƙasa, an fara masa kunu. Mu kuma nan Augie ga fadamar Rima, ga gonakin shinkafa, sauro ba ya hutu. A binciken ƙasa na 2021, kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran da aka gwada a Kebbi an same su da maleriya, babu jihar da ta kai haka. Shi ya sa ma aka fara rigakafin maleriya da Kebbi da Bayelsa a Disamba 2024. To a irin wannan wuri, yaro ya yi zafi rau a ce haƙori ne a zauna?

Maigida, nan aikinka yake. Idan zafin jiki ya kai 38, ko zawo sau uku a yini, ko amai, ko maɗiga ta faɗa, ko ido ya zurma, ko ya ƙi nono, ko fitsari ya ragu, to ka tada babur. A fara masa ruwan ORS tun daga gida, a nemi ƙwayar zinc da ake sha kwana 10 zuwa 14, a kai shi asibiti mafi kusa a yi gwajin jini a ranar. In kuwa ya fara sanƙarewa, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe, a wuce babban asibiti, Argungu ko Birnin Kebbi, ko da tsakar dare ne.