Uwargida, Kafin a Saya wa 'Yarki Fom

Uwargida, idan makin JAMB bai kai 'yarki Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ba, kada ki ce karatu ya ƙare. Mu nan Dodoru ga Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie a Argungu, NCE shekara 3, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, difloma shekara 2. Kowace ta kammala da sakamako mai kyau, tana iya neman jami'a daga aji biyu.

Sai dai ku zauna da maigida kan darasin tun yanzu, domin jami'a abin da aka karanta take dubawa. Wata ɗalibata mai burin aikin likita aka cike mata Larabci da Islamiyya, wai gurbin ya fi sauƙi. Ta gama lafiya, amma ƙofar likitanci ba ta buɗu ba.