Ciwon da ke baya, mai shi ba ya ganinsa

'Yan'uwa mata, idan an yi wa namu aikin ƙashin baya a Yamai ko wani babban asibiti aka sallamo shi zuwa Sabon Gida, sauran jinya a hannunmu take. Ɗinkin yana inda marar lafiya ba zai iya gani ba, kuma a kansa yake kwana. Zufa, fitsari da ƙurar hunturu duk nan suke taruwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2016 cewa a ƙasashe irin namu, cikin mutum 100 da aka yi wa fiɗa, wajen 11 ciwonsu yakan ruɓe. Yawanci cikin kwana 30 na farko abin ke faruwa. Idan an sa ƙarfe a baya, a ci gaba da lura har wata uku.

Kafin mu taɓa shi, mu wanke hannu da sabulu. Kada mu buɗe ɗaurin don 'yan dubiya su gani. In ya jiƙe ko ya yi datti, a kai shi gidan likita a sake. Toka, man shanu, sassaƙe, ko ɗaya kar ya hau ɗinkin, ko da gwaggo ce ta kawo. A riƙa sauya zanen shimfiɗa, a juya shi yadda likita ya nuna. A ba shi wake, ƙwai, nono da zogale, nama ya yi saurin haɗewa. Mai ciwon suga ya kiyaye maganinsa, mai shan taba ya ajiye ta.

Kowace safiya mace ɗaya ta duba gefen ɗaurin da kyau. In ta ga ja, kumburi, mugunya ko wari, ko jiki ya yi zafi, ranar za a tafi. Ruwa fari mai tsiyaya tare da ciwon kai, ƙafafu su mutu, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, wannan ko dare ne a nemi mota zuwa Madawa ko Galmi.

Sau da yawa kuɗin mota ne ke sa a ce "bari mu gani zuwa gobe". A zaman asusu mai zuwa, mu yanke nawa za mu ware daga kuɗin taimako saboda irin wannan tafiya, mu kuma faɗi wadda za a buga wa ƙofa da dare.