Tsofaffin Taswirori a Matsayin Shaidar Tarihi: Misali Daga Basawa, Samaru da Sabon Garin Zariya

Manazarta tarihin ƙasar Hausa sun fi dogara da labarin baka da rubutattun takardu, ba su cika waiwayar taswira ba. Alhali kuwa idan aka jera taswirorin safiyo na wuri guda, waɗanda aka zana a lokuta daban-daban, sukan nuna yadda zaman jama'a ke bin hanya duk inda ta karkata. Arewacin Zariya ya isa misali.

Kafin zuwan Turawa, hanyoyin fatake ƙofofin birni suke nufa, kamar Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana. Ƙetaren rafin Kubanni kuwa ƙauyuka ne da gonaki.

Jirgin ƙasa shi ya sauya wannan tsari. Hanyar da ta taso daga Baro ta ratsa Zariya, ta isa Kano a 1911. Da yake an gina tashar a wajen ganuwa, sai Sabon Gari ya kafu a gefenta, ya zama mazaunin ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa baƙi. A kan taswira ana gane shi da miƙaƙƙun layuka, saɓanin lungunan birni. Daga wannan tasha aka ja wata siririyar hanya zuwa ƙasar kuza, ta kai Bukuru a 1914, sa'an nan wata ta bi ta Funtuwa da Gusau, ta kai Ƙauran Namoda a 1929.

Samaru ta bunƙasa ne bayan an kafa cibiyar binciken aikin gona a 1922, da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Basawa kuma ta samu barikin soja. Da mota ta ƙwace wa jirgi sufuri, sai gine-gine suka bi titin Sakkwato, har garuruwan suka kusa haɗewa.

Sai dai a yi hattara. An rufe hanyar Bukuru a 1957, saboda haka wanda ya dubi taswirar yau kaɗai ba zai san ta taɓa wanzuwa ba. Haka nan masu safiyo sun fi kula da abin da ya shafi hukuma, sun kuma rubuta sunayen wurare ba tare da haruffa masu lanƙwasa ba. Wajibi ne manazarci ya gwama taswira da bayanin dattawan wurin, tun suna raye, domin a wurinsu ne asalin sunayen yake.