Asalin Daren Halowin, Daren Da Turawa Ke Shigar Fatalwa

Wani attajiri abokina ya komo daga fatauci a ƙasashen Turai, ya zo zaurena da tambaya. Ya ce a ƙarshen watan Oktoba ya tarar kantuna sun cika da ƙwarangwal na roba, da baƙaƙen riguna, da kabewa wadda aka fafe aka yi mata idanu da haƙora. Ya ce, "Malam, shin wannan bikin shaiɗanu ne?" Na ce masa ya yi haƙuri, gama ba a yanke wa abu hukunci sai an san mafarinsa. To, ga abin da na ba shi, watakila ya amfani wasunku.

Sunan bikin Halowin, ana yinsa daren 31 ga Oktoba. Ma'anar sunan cikin tsohon Ingilishi ita ce jajiberen ranar waliyyai duka. Ka ga tun daga sunan ma akwai ƙanshin coci.

Riwaya ta farko, wadda ta fi yawo a bakin mutane, tana kai shi ga mutanen dā na Ayalan da Sikotilan. Suna da wani biki da ake kira Sawin, a farkon Nuwamba, lokacin da kaka ta ƙare, sanyi ya kunno kai, dare ya fara rinjayar rana. A sa'an nan ake sauko da shanu daga makiyayar tuddai, a yanka waɗanda ba za a iya ciyarwa ba har bazara, a yi taro, a hura wuta. Tsofaffin hikayoyinsu sun nuna dare ne da mutanen ɓoye ke fitowa su cuɗu da 'yan Adam. Wannan ya tabbata. Amma cewa da ake yi wai bikin matattu ne tun fil azal, isnadinta da rauni. Wani masanin tarihi na Ingila, Ronald Hutton, ya bi wannan magana cikin littafinsa na 1996, ya nuna hujjarta kaɗan ce. Waɗanda suka rubuta labarin Sawin ma malaman Kirista ne, bayan ɗaruruwan shekaru da shigar addininsu ƙasar.

Riwaya ta biyu ta fi ƙarfi. Fafaroma Giregori na Uku, wanda ya riƙe kujera daga 731 zuwa 741, ya keɓe wani ɗaki cikin majami'ar Bitrus a birnin Rum domin tunawa da waliyyansu baki ɗaya. A 835 sarkin Farankawa, Luwi, ya sa a riƙa kiyaye 1 ga Nuwamba cikin dukan mulkinsa. Bayan haka shugaban gidan ibada na Kuluni a Faransa, Odilo, ya ƙara ranar 2 ga wata domin yi wa sauran mamata addu'a. Dalili kuwa, a aƙidarsu akwai wani matsayi tsakanin mutuwa da Aljanna inda ake tsarkake rai da wahala, addu'ar masu rai kuma tana gajarta zamansa.

Daga nan ne bin gida gida ya samu gindin zama. A Ingila matalauta da yara suna tsayawa ƙofar masu hali, a ba su 'yar gurasa, su kuma su yi wa mamatan gidan addu'a. Watau musaya ce sosai: mai gida ya ba da abinci, mabaraci ya biya da roƙo. A ƙarni na 16 masu sabuwar ɗarikar Furotesta suka ƙaryata wancan matsayi, suka hana addu'ar. Amma yaro da ya saba samun gurasa, wa zai hana shi ƙwanƙwasa ƙofa? Addu'ar ta yi ta dusashewa, yawon ya saura. A Sikotilan da Ayalan yara suka riƙa ɓad da kama, su yi waƙa ko wasa a ba su 'ya'yan itace ko kwabo. Wanda ya san tashen yaranmu na watan azumi zai gane siffar, ko da yake babu dangantaka tsakaninsu.

Ita kuwa kabewa baƙuwa ce cikin sha'anin. Mutanen Ayalan wata saiwa mai tauri suke fafewa, mai kama da makani, su sa haske ciki. Suna da tatsuniyar wani marowaci, Jak, wanda ya yaudari Iblis, da ya mutu Aljanna ta ƙi shi, wuta ma ta ƙi shi, ya shiga yawo cikin duhu da garwashi guda cikin saiwar. Sa'ad da cuta ta kashe dankalin Ayalan daga 1845, yunwa ta hallaka kamar mutum miliyan ɗaya, fiye da miliyan kuma suka yi ƙaura, galibi zuwa Amurka. Can suka tarar da kabewa, ta fi girma, ta fi sauƙin fafewa.

A Amurka da Kanada bikin ya fara da ɓarna ƙwarai. Samari na cire ƙofofin shinge, su kifar da abin da suka tarar. Manya suka ga gara a toshe bakinsu da zaƙi. Daga shekarun 1920 zuwa 1930 kalmar da yara ke faɗa a ƙofa ta bazu, ma'anarta, "Ko a ba mu, ko mu yi ɓarna." Yaƙin duniya na biyu ya kawo ƙarancin sukari, abin ya ja baya. Da sukari ya wadata, masu yin alewa suka rungume shi hannu biyu.

Da na kai nan sai attajirin ya gyara zama, gama maganar ta zo fagensa. Ƙungiyar masu kantuna ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2023 mutanen ƙasar sun kashe fiye da dala biliyan 12 kan alewa da tufafi da kayan ado na wannan dare guda. Shi kuma ya gaya mini abin da ya gani da idonsa: da gari ya waye ranar 1 ga Nuwamba, ƙwarangwal ɗin nan da ake rububi jiya an karyar da kuɗinsa rabi, ba mai ko tayawa.