Koyon Aski a Hannun Ubangida da Batun Lasisi a Arewacin Zamfara

Sana'ar aski a Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi ta kasu gida biyu: wanzanci, wanda ake gada kaka da kakanni, da askin zamani, wanda ake yi a shago da injin aski mai amfani da lantarki. Duk da bambancin kayan aikinsu, hanyar shiga cikinsu ɗaya ce, wato yaro ya zauna ƙarƙashin ubangida yana kallo yana kwaikwayo har hannunsa ya faɗa. Wannan tsari ya daɗe yana samar da gwanaye, sai dai ba ya ƙarewa da lasisi, wato takardar izinin da hukuma ke bayarwa bayan ta tabbatar cewa mutum zai yi aikin ba tare da ya cutar da jama'a ba.

Wanzanci ya fi aski faɗi, domin wanzami ne ke yin askin suna ranar bakwai, da kaciya, da ƙaho, da tsaga, da cire beli. Ɗan wanzami yakan fara da ɗaukar zabira, jakar fatar da ake zuba asake da ƙahoni, yana bin mahaifinsa gidajen suna da kasuwanni irin ta Shinkafi. Daga nan ya koyi wasa aska, ya fara aske kawunan yara, kuma ba a sakar masa aikin da ya shafi jini sai an ga natsuwarsa. Wanda bai gaji sana'ar ba, wato ɗan haye, yakan bi wannan matakin a hannun ɗan gado. A bisa al'ada Sarkin Aska ne shugaban wanzamai, shi ke sasanta su, shi ke tsawata wa wanda ya yi ganganci, saboda haka tantance mai aski ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa.

A shagon zamani kuwa yaro yana farawa da shara da tayar da janareto, sannan a ba shi kan yara, daga bisani ya kai ga gyaran fuska da askin manya, har ubangidansa ya yaye shi. Matasa da yawa sun rungumi sana'ar saboda jarinta kaɗan ne, musamman waɗanda rashin tsaro ya raba da gonakinsu suka dawo cikin gari. Giɓin da ke akwai shi ne ilimin tsafta, domin ubangida ba ya koyar da abin da shi kansa ba a koya masa ba. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7, kuma shafa wa bakin inji fetur ko kananzir, kamar yadda wasu ke yi, ba ya kashe ta. Makero ma yana bin inji da mataji daga kai zuwa kai.

Wasu ƙasashe sun ɗora lasisi a kan koyo a shago. A Jamus mai koyon gyaran gashi yana yin shekara 3 yana raba lokacinsa tsakanin shago da makarantar sana'a kafin jarrabawa. A jihar Kalifoniya ta Amurka an yarda mutum ya yi koyo na awa 3,200 cikin shekara 2 ƙarƙashin mai lasisi a madadin makarantar aski, sannan ya zauna jarrabawar jiha.

Nijeriya ma tana da tubalan gina irin wannan tsari. Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, NDE, ta daɗe tana tura matasa wurin masu sana'a su koya, yayin da Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977, take kula da tsarin shaidar ƙwarewa da ke amincewa da abin da mutum ya koya a wajen aji, muddin an gwada shi a aikace. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba ƙananan hukumomi ikon sa ido a kan shaguna, kuma Ƙauran Namoda tana da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya tun 1983.

Abin da ya dace shi ne a haɗa waɗannan tubalan ba tare da an ture ubangida gefe ba. Shi zai shaida cewa yaronsa ya iya aiki, Sarakunan Aska da ƙungiyoyin masu aski su riƙe rajistar masu koyo, ma'aikatan lafiya da duba-gari su ba da gajeren horo da Hausa a kan sabuwar reza ga kowane mutum, da tafasa kayan ƙarfe, da sanin lokacin da ya wajaba a tura mutum asibiti. Jarrabawar ta zama ta baki da ta aikin hannu, kuɗinta kuma kaɗan, domin lasisin da ya fi ƙarfin talaka zai kori gwanaye ne kawai. Idan aka yi haka, matashin da aka yaye a Zurmi zai riƙe shaidar da za ta karɓu a Gusau ko Kano, mai zuwa aski kuma ya miƙa kansa da kan ɗansa cikin aminci.